Taƙaddamar Asalin Ariyawa da Shigarsu Yankin Indiya

Taƙaddamar asalin Ariyawa muhawara ce da aka shafe fiye da shekara ɗari biyu ana tafkawa a kan tambaya ɗaya: mutanen da suka tsara waƙoƙin ibada na Rigveda da tsohon harshen Sanskirit, 'yan asalin yankin Indiya ne, ko kuwa kakanninsu daga wani wuri suka shigo? Mafi yawan masana harshe da masu binciken ƙwayoyin gado a yau suna kan cewa makiyaya ne daga filayen ciyawa na kudancin Rasha da Kazakistan suka gangaro ta tsakiyar Asiya tsakanin shekarar 2000 da 1500 kafin Miladiyya, suka cakuɗa da mutanen da suka tarar. Wasu marubuta, galibinsu a Indiya, sun ce sam ba wanda ya shigo, hasali ma daga Indiya harsunan suka bazu zuwa Iran da Turai. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne an ƙulla abubuwa uku a igiya ɗaya: asalin harshe, asalin jinin jama'a, da kuma wa ya fi cancantar a kira shi ɗan ƙasa.

Mafarin maganar

A Rigveda, mafi tsufan littattafan Veda na addinin Hindu, mai waƙoƙi 1,028, masu waƙar suna kiran kansu arya, abokan gabarsu kuma dasa ko dasyu. Bambancin da suka fi nanatawa na ibada da harshe ne: wa ke yin hadaya yadda ya kamata, wa ba ya yi. Mutanen Iran na dā ma da wannan suna suke kiran kansu. Sarki Dariyus na Farko ya sa an sassaƙa a kabarinsa cewa shi Ba'ariye ne, kuma daga wannan kalma ta arya sunan ƙasar Iran ya samo asali.

A shekarar 1786 William Jones, wani alƙalin Birtaniya a Kalkata, ya faɗa a wata lacca cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin sun wuce a ce dace ne, dole tushensu ɗaya. Uba a Sanskirit pitar, a Latin pater, a Farisanci pidar. Bakwai kuwa sapta, septem, haft. Bajamushe Franz Bopp ya tabbatar da dangantakar a 1816 ta hanyar kwatanta ginin aikatau. Wannan dangi shi ake kira Indo-Turai, kuma ba wani masani da ke musun kasancewarsa. Inda aka rabu shi ne wurin da uwar harsunan ta zauna.

Daga harshe zuwa launin fata

A ƙarni na 19 maganar ta kuɓuce daga hannun masana nahawu. Max Müller, wanda ya buga Rigveda a Ingila kuma ya kimanta shekarunta da wajen 1200 kafin Miladiyya, shi ya yayata sunan Ariya a Turai. Daga baya, a 1888, ya yi kashedin cewa dangin harshe ba dangin jini ba ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Bafaranshe Arthur de Gobineau ya riga ya ƙirƙiro "jinsin Ariya" fari mai fifiko, ra'ayin da ya yi ta girma har ya zama aƙidar 'yan Nazi. A Indiya kuma Herbert Risley, jami'in ƙidayar 1901, ya yi ta auna hancin mutane don gano wanda ya fi jinin Ariya. Labarin ya yi wa 'yan mulkin mallaka daɗi, domin yana nuna su a matsayin fararen baƙi na biyu da suka zo wayar da ƙasar. Irin wannan tunani ne aka kawo Afirka da sunan zuriyar Hamu, inda duk wata daula ko birni mai ganuwa sai a ce baƙi ne daga arewa ko gabas suka kafa. Wannan mugun tarihi shi ne babban dalilin da ya sa Indiyawa da yawa ke ɗari-ɗari da duk wata maganar shigowa daga waje.

Biranen Kogin Indus

A 1921 aka fara haƙa a Harappa, a 1922 kuma a Mohenjo-daro, dukansu a Pakistan ta yau. John Marshall ya sanar da duniya a 1924 cewa an gano wata wayewa da ba a san da ita ba: birane na gasasshen bulo, da tituna a miƙe, da magudanan ruwa, waɗanda suka bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya. Ashe tun kafin zamanin da aka ba Rigveda akwai manyan birane a ƙasar.

Mortimer Wheeler, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya haɗa abubuwan biyu a 1947. Ya dubi wasu ƙwarangwal da aka tarar a warwatse a Mohenjo-daro, ya tuna cewa Rigveda na yi wa gunki Indra kirari da mai rushe ganuwa, sai ya ɗora wa Ariyawa alhakin ƙone biranen. George Dales ya rushe wannan zargi a 1964, ya nuna cewa gawawwakin ba na lokaci ɗaya ba ne, kuma ba alamar gobara ko tarin makamai. Yau an fi danganta mutuwar biranen da raunin damina, da sauyin hanyoyin koguna, da durƙushewar fatauci da Mesofotamiya, wato yankin Iraki ta yau. Masana sun daɗe da barin maganar mamaya suka koma maganar ƙaura, ko da yake masu adawa har gobe sukan yi ta dukan tsohuwar mamayar kamar tana da rai.

Hujjar harshe

Nan ne ɓangaren ƙaura ya fi ƙarfi. Harshen Rigveda da na Avesta, littafin addinin Zartusht na Iran, kamar wa da ƙane suke: abin sha na ibada soma a nan, haoma a can, hadaya yajna da yasna, ƙasar koguna bakwai Sapta Sindhu da Hapta Hendu. Ke nan akwai lokacin da masu harsunan biyu suke al'umma ɗaya. A ina?

Amsar farko ta fito daga wurin da ba a zata ba. Harsunan Finlan da Hangari, waɗanda ba 'yan dangin Indo-Turai ba ne, kuma kakanninsu mazauna dazuzzukan arewacin Rasha ne, suna ɗauke da tsofaffin kalmomin aro daga wannan al'umma. Ɗari a harshen Finlan sata, a Sanskirit shata. Aro irin wannan sai da maƙwabtaka, kuma yankin Punjab ba ya maƙwabtaka da duwatsun Ural.

Ta biyu ta fito daga Siriya. Daular Mitanni ta ƙulla yarjejeniya da Hittiyawa a ƙarni na 14 kafin Miladiyya, cikin gumakan da aka rantse da su har da Mitra da Varuna da Indra da Nasatya, dukansu na Rigveda. Wani mai horar da dawaki na Mitanni mai suna Kikkuli ya bar umarnin horo a allunan yumɓu, yana ƙirga zagayen fili da aika, tera, panza, satta. Kalmar aika ta fi eka ta Sanskirit tsufa a siga. Yawancin masana na fassara wannan da cewa wani reshe ya yi yamma, wani ya yi kudu maso gabas, daga mahaɗa ɗaya. Shrikant Talageri, jigo a ɓangaren "daga Indiya aka fita", yana ganin sunayen Mitanni sun dace da sassan Rigveda na baya-baya, don haka daga Indiya suka tafi.

Ta uku tana cikin Sanskirit kansa. Yana da jerin baƙaƙen da ake furtawa da naɗe harshe zuwa ganɗa, waɗanda babu su a Girkanci ko Latin ko Avesta, amma sun cika harsunan Dirabidiya na kudancin Indiya irin su Tamil. Yana kuma da kalmomi masu yawa na tsirrai da noma da sunayen wurare da ba su da tushen Indo-Turai. Idan daga Indiya Girkawa da Jamusawa suka fita, abin mamaki ne a ce ba ko ɗaya daga cikinsu da ya tafi da waɗannan alamomi. Wannan tambaya ce masu ra'ayin fita ba su amsa ta yadda zai gamsar ba.

Ƙaurar harshe ba ta buƙatar runduna. Kamar yadda Hausa ta zama harshen gida a garuruwa da zanguna da yawa ta hanyar fatauci da auratayya da sarauta, haka tsirarun baƙi masu dukiya da ƙarfi kan sa jama'a ta sauya baki a hankali.

Doki, karusa da kogin Saraswati

Rigveda cike take da doki da karusa mai ƙafa mai tsinkaye irin ta keke. Mafi tsufan irin wannan karusa an tono ta a kaburburan Sintashta, gabas da kudancin Ural, wajen shekarar 2000 kafin Miladiyya, tare da dawakin da aka yi hadaya da su. Hatiman Harappa kuwa akwai bijimi da giwa da karkanda da damisa, babu doki. Ƙasusuwan da aka samu a Surkotada ta Gujarat an yi saɓani a kansu, wasu sun ce doki ne, wasu jakin jeji. A shekarar 2000 wani littafi ya fito da hoton "hatimin doki", sai Michael Witzel da Steve Farmer suka nuna fasasshen hatimin bijimi ne aka gyara hotonsa. Kekunan da aka tono a Sinauli ta arewacin Indiya a 2018 kuwa ƙafafunsu curarren katako ne, ba masu tsinkaye ba.

Masu ra'ayin asalin gida sun fi dogara da Saraswati, kogin da Rigveda ta ce yana kwarara daga duwatsu zuwa teku. Sukan ce shi ne busasshen kwarin Ghaggar-Hakra, inda kufan Harappa suke da yawa, don haka waƙoƙin sun girmi bushewarsa. Marigayi B. B. Lal, tsohon shugaban hukumar kayan tarihi ta Indiya, ya kasance cikin masu wannan ra'ayi. Sai dai binciken ƙasa ya nuna kogin Sutlej ya bar kwarin tun dubban shekaru kafin biranen. Ga kuma wani kogi a kudancin Afganistan da Avesta ke kira Harahvaiti, suna ɗaya da Saraswati.

Ƙwayoyin gado

A watan Satumban 2019 aka buga bincike biyu rana ɗaya. Na farko, wanda Vagheesh Narasimhan da David Reich suka jagoranta, ya duba ƙasusuwan mutanen dā 523 daga tsakiya da kudancin Asiya. Ya gano jinin makiyayan filayen ciyawa yana matsowa kudu bayan shekarar 2000 kafin Miladiyya, kuma ya bayyana a kaburburan kwarin Swat a arewacin Pakistan na 1200 zuwa 800 kafin Miladiyya. A Indiyawan yau wannan kaso kan kai kusan 30 cikin ɗari a wasu al'ummun arewa maso yamma, yana raguwa sosai a kudu, kuma ya fi yawa a ajin Brahmin, masu riƙe da karatun Sanskirit.

Na biyu ya shafi wata mace daga Rakhigarhi a jihar Haryana, ita kaɗai ce aka iya karanta ƙwayoyinta cikin samfuri 61. Ba ta da jinin filayen ciyawa ko kaɗan. Vasant Shinde, jagoran haƙar, ya shaida wa 'yan jarida cewa wannan ya ƙaryata shigowar Ariyawa, jaridu kuma suka ɗauka. Alhali rashin wannan jini a jikin mutuniyar Harappa, da samuwarsa a jikin jikokin yankin, shi ne ainihin abin da ra'ayin ƙaura ya yi hasashe. Abin da binciken biyu suka yi tarayya a kai shi ne mutanen Harappa ne babban tushen jinin yawancin mutanen yankin a yau. Ƙashi dai ba ya faɗin harshen da mai shi ya yi magana da shi, kuma mutum ɗaya ba ya wakiltar wayewa guda.

Siyasar cikin gida

Ba Turawa kaɗai suka yi amfani da labarin ba. Jyotirao Phule a 1873 ya kira Brahmin baƙin haure da suka bautar da 'yan ƙasa, kuma ƙungiyar Dirabidiya ta Periyar a ƙasar Tamil ta gina gwagwarmayarta a kan haka. B. R. Ambedkar, shugaban ƙasƙantattun aji, shi ya ƙi yarda da mamayar. Bal Gangadhar Tilak a 1903 ya kai asalin Ariyawa har yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Ga masu aƙidar Hindutva, wato kishin ƙasa na mabiya addinin Hindu, batun ya fi zafi, domin hujjarsu a kan Musulmi da Kirista ita ce addininsu daga waje ya zo. Idan harshen Veda ma baƙo ne, hujjar ta yi rauni. Rigimar ta kai har Amurka, inda aka yi ta ja-in-ja a kan littattafan makarantun jihar Kalifoniya a 2005 da 2006.

Rubutun Harappa, mai alamomi kusan 400 da galibi ke zuwa biyar-biyar a kan hatimi, har yanzu ba a iya karanta shi ba. Asko Parpola da Iravatham Mahadevan sun yi shekaru suna kare cewa harshen Dirabidiya ne, wasu sun ce Sanskirit, wasu ma sun ce ba rubutun harshe ba ne. A watan Janairun 2025 babban ministan jihar Tamil Nadu, M. K. Stalin, ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware shi.