Mece ce shin-hanga?

Duk wanda ke yawan kallon hotunan Japan a intanet, da wuya bai taɓa cin karo da wannan ba: wata mata sanye da kimono tana tafe cikin dusar ƙanƙara, ta karkata laimarta don kare fuskarta daga iska, a bayanta kuma ga wata katafariyar ƙofa ja wur. A ƙarƙashinsa akan rubuta shin-hanga. Mutane da dama sukan ɗauka zanen buroshi ne, alhali bugu ne da aka yi da allunan katako.

A harshen Japananci, shin na nufin sabo, hanga kuwa hoton da aka buga daga allo. Wato sabon bugu ke nan. Amma fa sabuntar tasa ta haura shekara ɗari. Wani ɗan kasuwa a Tokyo mai suna Watanabe Shozaburo ne ya yayata sunan wajen 1915. A lokacin tsohuwar sana'ar buga hotuna da allunan katako, wato ukiyo-e, wadda ta fito da shahararrun masu zane irin su Hokusai da Hiroshige, tana gargarar mutuwa, domin kyamara da injinan ɗab'i na zamani sun ƙwace mata kasuwa. Watanabe, wanda ya saba sayar wa Turawa tsofaffin hotuna, ya lura cewa masu saye suna nan kuma gwanayen sassaƙa ba su ƙare ba. Sai ya nemo matasan masu zane da suka san yadda Turawa ke sarrafa haske da inuwa da nisa, ya haɗa su da tsofaffin hannu.

A wannan sana'a hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutum huɗu ne a kan kowane hoto. Mai zane ya zana. Masassaƙi ya manna zanen a kife bisa allon itacen ceri, ya fafe duk abin da ba layi ba, kamar dai yadda ake sassaƙa hatimi. Daga wannan allo na farko ake fitar da sauran, kusan kowane launi da nasa. Sannan mai bugu ya shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. Babu inji ko ɗaya. Takarda guda takan hau allo sau ashirin, sau talatin, wani lokaci fiye, kuma abin da ke hana launuka sauka a karkace wasu 'yan tsagogi biyu ne a gefen allon, kento, inda kusurwar takardar ke zama daram. Na huɗu shi ne mawallafi, mai kuɗi, mai zaɓen abin da za a buga. Ni dai mai bugun ne ya fi ba ni sha'awa, ga shi kuma shi ne aka fi mantawa da sunansa. Sararin samaniyar nan da ke tasowa daga duhu zuwa haske babu gaɓa, wanda suke kira bokashi, da hannunsa yake sake yin sa a kan kowace takarda ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kwafi biyu ba sa zama daidai sak.

Hoton matar nan na Kawase Hasui ne, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1957, kuma ya fito a 1925 cikin jerin hotuna ashirin na birnin Tokyo. Wurin shi ne Zojoji, babban haikalin ɗariƙar Jodo ta addinin Buddha a unguwar Shiba. An kafa shi a 1393, aka dawo da shi mazauninsa na yanzu a 1598 zamanin Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan sarautar Tokugawa da ya mulki Japan, ya zama haikalin wannan gida. Shida daga cikin masu mulki na wannan gida a nan aka binne su. Jar ƙofar kuwa Sangedatsumon ce, ginin 1622, kuma ma'anar sunanta ƙofar kuɓuta daga abubuwa uku: kwaɗayi, fushi da wauta.

Shekarar hoton abin lura ce. Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta sun cinye galibin Tokyo. Shagon Watanabe ya ƙone ƙurmus da allunansa, Hasui ma ya rasa gidansa da littattafan zanensa. Shekara biyu bayan haka, birni na ta gine-ginen siminti, ga motoci ga taragon lantarki, shi kuwa ya zaɓi ƙofar da ta tsira, ya rufe titin da fari, bai bar kowa a kai ba sai mace ɗaya. Masu suka sukan ce shin-hanga Japan ce ta mafarki da aka shirya don aljihun baƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tunda Amurka ce babbar kasuwarta, har gidan tarihi na Toledo a jihar Ohio ya yi mata manyan baje koli a 1930 da 1936. Sai dai a ganina mutumin da garinsa ya ƙone yana da hujjar zana abin da wuta ta bari. Ƙofar ta sake tsira a 1945, lokacin da ruwan bama-bamai ya cinye mafi yawan haikalin. Yau tana nan, hasumiyar Tokyo ta 1958 na leƙenta daga baya.

Kada a rikita shin-hanga da sosaku-hanga, kishiyarta ta zamani ɗaya. Mutanen sosaku sun ce mai fasaha ya zana da kansa, ya sassaƙa da kansa, ya buga da kansa, in ba haka ba aikin ba nasa ba ne. A idonsu rabon aiki huɗu kasuwanci ne kawai. Bayan yaƙin duniya na biyu su ne suka yi tashe, shin-hanga ta ja baya, musamman da Hasui ya rasu, Watanabe ya bi shi a 1962.

Ga mai son saye, kalmar ba ta nufin takardar ta tsufa. Ana iya sake bugu daga allunan shekaru bayan mutuwar mai zane, don haka masana kan duba hatimin mawallafi a gefen takarda su gane zamanin bugun, farashi kuma ya bambanta ƙwarai. Sukan kuma juya bayanta. Bugun hannu na gaske launinsa kan ratsa takardar, har a ga zagayen sawun baren, abin da hoton inji ba ya da shi. Farin dusar ƙanƙarar ma galibi ba fenti ba ne, takardar ce tsurarta, wuraren da masassaƙi ya fafe don kada launi ya taɓa su.