Hoffenheim: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Tun da aka gane a gidan kallon unguwarmu cewa ni mai goyon bayan Hoffenheim ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jamus, tun zamanin da Chinedu Obasi yake buga mata wasa, ban huta ba. Duk Asabar sai an sami wanda zai jawo benci kusa da ni ya maimaita tambayar da na amsa a makon jiya. Ga amsoshin nan a rubuce, kuma duk wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Da gaske ne Hoffenheim ƙauye ne?

Ƙauye ne. Mutanensa kimanin 3,300 ne, yana jihar Baden-Württemberg a kudu maso yammacin Jamus, kuma a tsarin mulki yana ƙarƙashin garin Sinsheim, ba nisa da Heidelberg.

Yaushe aka kafa ƙungiyar?

Shekarar tana jikin sunanta: TSG 1899 Hoffenheim. Sai dai ƙungiyar motsa jiki ce aka kafa a 1899, ta ƙwallon ƙafa ta biyo baya a 1921, aka haɗe su wuri guda a 1945. Masu cewa jiya aka ƙirƙiro ta su sake karanta wannan sakin layi.

To a ina take buga wasa?

A Sinsheim, a filin da aka buɗe a farkon 2009, mai ɗaukar 'yan kallo 30,150. Ku yi lissafin da kanku: ko an kwashe mutanen ƙauyen kaf, har da jarirai da tsofaffi, an zuba su a ciki, da kyar za su cika kashi ɗaya cikin tara na kujerun. Ƙaramin filin da ke cikin ƙauyen, wanda aka gina a 1999, yana nan, amma ya yi wa Bundesliga kaɗan, shi ya sa a watannin farko na zuwansu babban rukuni suka yi aron fili a Mannheim. Atisaye kuma a Zuzenhausen ake yi, wani ƙauyen maƙwabci.

Wane ne Dietmar Hopp da ake ta ambata?

Ɗan ƙauyen ne da ya buga wa ƙungiyar wasa yana matashi, ya tafi ya yi karatu, kuma a 1972 shi da abokan aikinsa suka kafa SAP, kamfanin manhajar kwamfuta da ya mayar da shi ɗaya daga cikin manyan attajiran Jamus. Wajen 1990 ya waiwayo gida ya tarar da ƙungiyar yarintarsa tana rukuni na takwas, ya fara sa mata kuɗi. Ta kai rukuni na biyar a 1996, na huɗu a 2000, na uku a 2001, kuma a wancan zango Hansi Flick ne kocinta, wanda daga baya ya horar da Bayern da tawagar Jamus da Barcelona. A 2006 aka ɗauko Ralf Rangnick, wanda ya haura da ita rukuni na biyu a 2007, sannan Bundesliga a 2008. Idan kuka ji ana kiran wannan labari abin al'ajabi, ku tuna cewa kuɗi ne suka yi aikin. Idan kuma kuka ji ana cewa saye kawai aka yi, ku tuna cewa shekara 18 aka ɗauka ana hawa.

Ta taɓa cin kofi?

Babbar ƙungiyar ba ta taɓa cin Bundesliga ko kofin ƙalubale na Jamus ba. Mafi nisan da ta kai shi ne na uku a kakar 2017/18 a hannun Julian Nagelsmann, wanda aka ba shi ragamar ƙungiyar a Fabrairun 2016 yana ɗan shekara 28. Kada ku tambaye ni zancen 2008/09 idan ba ku son ɓata mini rai: sun gama zagayen farko suna saman teburi, Vedad Ibisevic ya ci ƙwallo 18 a wasa 17, sai ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan sada zumunta cikin hutun hunturu, aka ƙare kakar suna na bakwai.

Me ya sa magoya bayan sauran ƙungiyoyin Jamus ba sa ƙaunarta?

Saboda dokar da suke kira 50+1, wadda ta ce mambobin ƙungiya su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, kada mai kuɗi ɗaya ya mallake ta. An yi wa Leverkusen da Wolfsburg sassauci saboda kamfanonin da suka raine su, aka yi wa Hopp irinsa a 2015 bisa hujjar ya tallafa wa ƙungiyar fiye da shekara 20 ba yankewa. Magoya bayan Dortmund da Bayern da ire-irensu suna ganin an buɗe ƙofar da bai kamata a buɗe ba. Abin ya kai maƙura ranar 29 ga Fabrairun 2020 a Sinsheim: Bayern tana gaba da ci 6 da nema, sai wasu magoya bayanta suka ɗaga ƙyallaye na zagin Hopp, alƙalin wasa ya tsayar da wasa, Flick, kocin Bayern a lokacin, ya je da kansa gaban 'yan kallonsu yana yi musu faɗa. Da aka dawo fili, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo a tsakiya kamar masu ɗumama jiki, har kusan minti 13 suka cika, aka tashi. A 2023 Hopp ya mayar wa mambobi rinjayen ƙuri'ar. Ni ina ganin masu sukar suna da hujja a kan dokar, amma ba su da ita a kan zagin dattijo a bainar jama'a.

'Yan Afirka sun buga mata?

Sun buga, kuma da su aka hau. Obasi da Demba Ba na Senegal sun zo a 2007 tana rukuni na biyu, Isaac Vorsah na Ghana ya tsare mata baya, sannan Kevin Akpoguma, wanda aka haifa a Jamus, ya zaɓi buga wa Najeriya a 2020.

Za mu iya yin irin wannan da ƙungiyar ƙauyenmu?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba "e" ba ce kai tsaye, ba kuma "a'a" ba ce. Tsanin hawa dai akwai shi a Najeriya, domin ƙungiya tana iya tasowa daga gasar NLO ta rukuni na uku ta shiga NNL ta rukuni na biyu, daga nan ta kai Firimiyar Najeriya, kuma an ga Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda Kunle Soname ya mallaka, ta lashe gasar a 2025, alhali manyan ƙungiyoyin da muka saba da su a Arewa, irin su Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists, na gwamnatocin jihohi ne. Saboda haka ba zan ce muku ba zai yiwu ba.

Amma kafin ku je gidan attajirin garinku da takardar neman taimako, ku duba abin da Hopp ya yi da idon basira. Bai fara da sayen fitattun 'yan wasa ba. Fili da wurin atisaye da tarbiyyar yara ne suka cinye shekarun farko, kuma ya yi shekara 10 yana kashe kuɗi kafin ƙungiyar ta taka ko da rukuni na huɗu. Attajirin naku zai iya haƙurin shekara 10 babu wanda ya ambaci sunansa a rediyo? Idan abin da yake nema shi ne a buga hotonsa a jikin riga kafin zaɓe, ku karɓi rigunan ku yi godiya, amma kada ku ɗora ginin ƙungiya a kansa.

Na biyu, ku tambayi kanku da me ƙungiyar za ta rayu ranar da ya gaji ko ya rasu. Hoffenheim ta sami mafita ta hanyar rainon 'yan wasa tana sayarwa: Roberto Firmino ya tafi Liverpool a 2015 a kan kimanin fam miliyan 29, Joelinton ya tafi Newcastle a 2019 a kan kimanin fam miliyan 40, ga kuma kuɗin talabijin na Bundesliga. Ku ba ku da kuɗin talabijin irin wannan, kuma sayar da ɗan wasa yana buƙatar rajista da kwantiragi a rubuce, in ba haka ba wani zai zo ya ɗauke yaron da kuka raina ba tare da kun ga ko sisi ba. Wannan hanya ma tana da ɗaci, domin Rangnick ya ajiye aiki a Janairun 2011 ne bayan an sayar wa Bayern Luiz Gustavo ba da son ransa ba.

Shawarata, idan za ku ji, ita ce ku mallaki filin da sunan ƙungiya da takarda, ku yi rajista da hukumar ƙwallon jiharku, ku rubuta wa ke da ikon yanke hukunci tun kafin kuɗi su shigo. Watakila ku tsaya a gasar jiha har abada, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Hoffenheim kanta ta shafe shekaru fiye da 60 tana buga ƙwallo babu wanda ya san da ita a wajen yankinta.

Wani dillali ya ce zai kai ɗana gwaji Hoffenheim idan na biya. In biya?

Kada ka biya, Alhaji. Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kuma ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ce ke ɗaukar nauyin zuwansa. Ka ce ya nuna maka takardar gayyata, sannan ka tuntuɓi ƙungiyar da kanka ta shafinta kafin ka sayar da gona.

Me ya sa ba za ka koma Bayern ka huta ba?

Saboda ina zaune a kan bencin nan a Disamban 2008 lokacin da Luca Toni ya ci mu ƙwallo ta biyu a mintunan ƙarshe a Munich, kuma har yau ban yafe ba.