Cutar da Ke Ɓoye a Cikin Irin Tafarnuwa

Manoman tafarnuwa na fadamun Sakkwato, Kano da Borno, da takwarorinsu na lambunan yankin Agadas a Nijar, sun saba ganin ganyen shukarsu yana yin zane-zanen ruwan ɗorawa yana murɗewa, kuma galibi sukan ɗauka ƙarancin taki ne, sai su ƙara yuriya. Sau da yawa takin ba ya hana kan tafarnuwar fitowa ƙanana a lokacin cira, domin abin da ke damun shukar ƙwayoyin cuta ne na bairos, waɗanda suka shigo gonar tun ranar shuka, a cikin irin da aka dasa.

Dalili kuwa shi ne, tafarnuwa ba ta yin ƙwayar iri kamar albasa. Ɓare kanta ake yi a shuka 'ya'yan, don haka duk cutar da ke jikin uwar sai ta bi 'ya'yan zuwa kakar gaba, shekara bayan shekara, ana ƙara tara wasu a hanya. Albasar Galmi ko ta Aliero da ake yi wa reno daga ƙwayar iri takan fara rayuwa ba tare da yawancin waɗannan cututtuka ba, amma tafarnuwa ba ta da wannan gata.

Abin da ya kamata manomi ya gane shi ne cutar ba ɗaya ba ce. Akwai wadda masana ke taƙaita sunanta na Turanci da OYDV, mai tsumburar da albasa da tafarnuwa, wadda aka fara bayyanawa a jihar Ayowa ta Amurka a shekarar 1929, da 'yar'uwarta LYSV mai zana layuka a ganye, kuma su biyun ne suka fi ɓarna, har gwaje-gwajen da aka yi a Faransa sun nuna cewa a wasu nau'o'in tafarnuwa sukan rage nauyin amfani da kusan rabi ko fiye. Ƙwarin darɓa ne ke yaɗa su. Akwai wasu biyu, GarCLV da SLV, waɗanda sukan zauna a jikin shuka ba tare da alamar da ido zai gani ba. Sannan akwai wani dangi da masana suka laƙaba wa haruffa A, B, C, D, E da X, wanda wasu ƙananan halittu dangin kaska ke ɗauka, kuma ƙanƙantarsu ta kai sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Waɗannan halittu suna ci gaba da yawo tsakanin 'ya'yan tafarnuwa ko bayan an cire ta an ajiye a ɗaki. Ba abin mamaki ba ne a sami uku ko huɗu daga cikin waɗannan cututtuka a kan tafarnuwa guda.

Ko a cikin cuta ɗaya ma akwai bambancin gado. Waɗannan ƙwayoyi suna yawan yin kuskure wajen kwafe kansu, kuma idan nau'i biyu na dangi ɗaya suka haɗu a shuka guda sukan yi musayar sassan halittarsu, sai sabon nau'i ya fito. Shi ya sa OYDV da ke kama tafarnuwa galibi ba ita ce ke kama albasa ba, kuma gwajin ɗakin bincike da aka tsara don nau'in wata ƙasa yana iya kasa gano na wata. A nan ne haɗarin shuka tafarnuwar kasuwa yake. Ƙasar Sin ce ke noma fiye da kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya, kuma manyan kawunanta farare sukan ja hankalin manomi ya ɓare ya shuka, alhali don miya aka kawo ta, babu wanda ya tantance lafiyarta a matsayin iri.

Babu feshin da ke warkar da shukar da ta kamu. Ko maganin ƙwari ma taimakonsa kaɗan ne, domin darɓa tana sanya cutar cikin 'yan daƙiƙoƙi da sauka a ganye, kafin guba ta kashe ta. A ɗakunan bincike ana samar da iri mai tsafta ta hanyar yanko ɗan ƙaramin tsiron da ke can tsakiyar 'yar tafarnuwa a rene shi a cikin kwalba, amma irin wannan bai wadata a kasuwanninmu ba tukuna.

Kafin ya wadata, zaɓen iri ya kamata ya fara tun shuka na tsaye a fangali, ba bayan an zuba ta a buhu ba. Manomi ya zagaya gonarsa a tsakiyar hunturu, ya tuge duk wadda ganyenta ya yi zane ko ya tsumbure ya fitar da ita daga gonar, ya sa alama a kan masu koren ganye sosai don su zama irin baɗi. Ɗabi'ar sayar da manyan kawuna a bar ƙanana don shuka, a ganina, ita ce ta fi kowace illa, saboda ƙananan su ne suka fi yiwuwar ɗauke da cuta. A ware fangalin iri nesa da sauran tafarnuwa da tsohuwar albasa, a kuma share ɗakin ajiya daga ɓawon bara kafin a shigar da sabon amfani.