Awa 72 a tashar nukiliya: abin da dokar Amurka ta ce da abin da aka ƙara mata

Tun makon jiya wani saƙon murya yake zagaya zaurukan WhatsApp a nan Abuja. Sau uku ya shigo wayata, na ƙarshe daga kawuna mai shagon kayan wuta a kasuwar Wuse. Ya biyo da tambaya: "Ɗana, da gaske ne a Amurka ma awa 72 ake tsare ma'aikacin nukiliya ba barci? To mu in aka gina mana a Kogi ai sai dai Allah ya kyauta." Na ce masa, "Kawu, akwai 72 ɗin a dokar, amma mai saƙon ya juya mata baya ne."

Da farko, Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Abin da muke da shi ɗan ƙaramin injin bincike ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom wurare ne da aka ware, maganar kuma tana kan takarda.

Dokar da ake yaɗawa ta hukumar NRC ce, mai sa ido kan nukiliya a Amurka. Ta fito a 2008, tashoshi suka fara aiki da ita a 2009. Ta shafi masu sarrafa injin, masu gyara, jami'an tsaro da wasu daga cikin masu ɗaukin gaggawa. Ta ce kada mutum ya wuce awa 16 cikin awa 24, ko awa 26 cikin awa 48, ko awa 72 cikin kwana 7. Wato 72 ɗin jimillar mako ce, kuma iyaka ce da aka hana tsallakewa. Ba wanda aka ce dole ya cika ta. Tsakanin tashi daga aiki da komawa sai an ba mutum hutun awa 10, sannan cikin kowane kwana 9 sai ya samu awa 34 a jere yana hutawa. Kwana uku ido biyu da mai saƙon yake faɗa, shi ne ainihin abin da dokar ta toshe.

Ba haka kawai aka wayi gari aka rubuta ta ba. A 1987 hukumar ta rufe tashar Peach Bottom a jihar Pennsylvania bayan ta gano masu sarrafa injin suna barci a ɗakin sarrafawa, tashar ta kwashe kusan shekara biyu a rufe. A 2007 kuma hoton bidiyo ya fito na masu gadin wannan tashar dai suna gyangyaɗi a bakin aiki. Duk wanda ya taɓa aikin dare ya san yadda ƙarfe huɗu na asuba take: kana kallon agogo, kana ganin lambar, amma kanka bai ɗauka ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne batun sassauci. Wani a zauren ya ce ai shugaba na iya ɗage iyakar duk lokacin da ya ga dama, don haka dokar ado ce. Ana iya ɗagewa, gaskiya ne, amma dalili biyu kawai aka yarda da su: kare tashar daga wani yanayi mai haɗari, ko tabbatar da tsaronta. Ƙarancin ma'aikata don kamfani yana tsimin kuɗi ba ya cikin lissafin. Kafin a ɗage, sai wani na gaba da ma'aikacin ya zauna da shi ido da ido ya auna ko zai iya, a cikin awa 4 kafin ya shiga ƙarin aikin. Ana rubuta kowane sassauci, kuma duk shekara tashar tana kai wa hukumar adadinsu.

Shi ma ma'aikacin yana da baki. In ana cikin wannan ƙarin aiki ya ce ya gaji, ba zai iya ba, wajibi ne a cire hannunsa daga aikin nan take, ko a gaggauta nemo wanda zai canje shi in kujerar ba ta zama ba kowa. A nan ne nake da ƙorafi. Dokar ta bar wa kamfani damar rubuta matakin ladabtarwa da zai iya ɗauka bayan an auna gajiyar mutum. Magidanci mai 'ya'ya a makaranta zai yi ta juya maganar a ransa kafin ya buɗe baki ya ce wa maigidansa barci yake ji. An ba shi dama da hannun dama, an ɗan riƙe ta da na hagu.

Hukunci kuwa, kamfanin da ke riƙe da lasisi ake fara kamawa: a rubuta masa laifi, a ci shi tara, in abin ya yi ƙamari a umarce shi ya rufe. Dokar ba ruwanta da kuɗin ƙarin lokaci, wannan wata doka ce daban ta 1938. Da kamfanoni da wasu ma'aikata suka koka kan tsarin ranakun hutu, a 2011 aka ƙara zaɓi na matsakaicin awa 54 a mako in aka auna mako 6. Lokacin korona a 2020 ma an sassauta wa wasu tashoshi na ɗan lokaci har zuwa awa 86 a mako. A ganina 72 ɗin ma ta yi yawa. Awa 12 kullum har kwana 6 ke nan, a gaban injin da kuskure ɗaya a kansa yake iya tashin gari.

Na gaya wa Kawu ya duba gida. Sashe na 13 na dokar ƙwadagon Najeriya ya ce wanda ya yi awa 6 a ba shi hutun awa ɗaya, a ba shi kuma yini guda cikin kwana 7. Yawan awannin aiki kuwa an bar wa yarjejeniya tsakaninsa da mai aikin, ba wata lamba da aka ce kada a haura. Hukumar NNRA mai sa ido kan nukiliya a Najeriya, da ke nan Abuja, ita za ta ba da lasisi ranar da aka tashi gina tasha, kuma ita ya kamata mu matsa wa ta rubuta iyaka da lamba tun kafin a kafa tubali.

Maigadin ginin da nake aiki, dattijo ne ɗan Jos. Ranar Litinin na same shi da safe a kan bencinsa, carbi a hannu, idanu jajur. Na ce, "Baba, ba a canje ka ba?" Ya ce wanda zai karɓe shi ya tafi gida jana'iza, tun daren Asabar yake nan, kuma babu wanda ya rubuta awanninsa a ko'ina.