Waiwaye: Yadda matsayin ɗalibi a aji ya rasa ƙarfi a jami'o'in Amurka

Tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yunin 2023 cewa jami'o'i su daina la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, aka sake tayar da muhawara kan wani tsohon ma'auni, wato na nawa ɗalibi ya zo a cikin sa'o'insa lokacin da ya gama sakandare. Wasu na ganin shi ne ƙofar da ta rage wa 'ya'yan talakawa, wasu kuma na cewa ai ma'aunin ya daɗe da mutuwa. Kowane ɓangare yana da hujja, domin lamarin ya yi shekaru kusan talatin yana tafiya ta fuska biyu.

Fuska ta farko sananniya ce. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Hopwood, ta hana jami'o'in Texas duba launin fata, sai majalisar jihar ta kafa doka a 1997 wadda ta bai wa duk wanda ya shiga sahun kashi 10 cikin 100 na saman ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnati. Florida da California suka biyo baya da nasu tsarin. A 2009 aka yi wa dokar Texas gyara, har jami'ar da ke Austin ta samu damar taƙaita irin wannan gurbi zuwa kashi 75 cikin 100 na guraben 'yan jihar.

Fuska ta biyu ita ce ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ita ce tushen matsalar. Ba doka aka yi ba, ba kuma kotu ce ta zauna ba. Makarantun kuɗi da na unguwannin masu hali ne suka riƙa daina rubuta matsayi a takardar sakamako, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani shela ba. Dalilinsu ba na banza ba ne. A makarantar da yawancin yara ke cin maki mai kyau, yarinyar da kusan duk darussanta A ne tana iya samun kanta can tsakiyar jeri, saboda tazarar da ke tsakaninta da na goma ba ta wuce ɗigo ba. Ga kuma tsarin ƙarin maki, inda darussan AP masu wuya (darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare) ke kai ɗalibi maki 5 maimakon 4. Sai ka ga yaro mai son kiɗa ko zane ya bar darasin da ransa ke so, don kada A ɗin da zai samu a can, mai maki 4 kacal, ya ja shi ƙasa. Iyaye suka koka, malamai suka koka, aka cire matsayin.

Sai dai cirewar ta sauya ma'anar ma'aunin gaba ɗaya. Amfanin matsayi shi ne yana auna yaro da waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi, malamai ɗaya, littattafai ɗaya, don haka ɗiyar manomi da ta zo ta ɗaya a ƙaramar makarantar karkara tana da abin nunawa ko da makinta na SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, bai kai na 'yan birni ba. Da makarantun da suka fi tura ɗalibai manyan jami'o'i suka janye, sai jami'an ɗaukar ɗalibai suka koma ga wuyar darussan da aka ɗauka, da rubutun gabatar da kai, da wasiƙun shaida, waɗanda duk mai gata ya fi iya tanadarsu. Binciken NACAC, ƙungiyar masu ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a a Amurka, ya nuna cewa a 1993 kimanin kashi 42 cikin 100 na jami'o'i ne ke bai wa matsayi muhimmanci sosai, amma kafin annobar korona adadin ya sauko ƙasa da kashi 10.

Shi ya sa a yau ɗalibi a Texas makomarsa na iya rataya a kan matsayi guda, musamman da jami'ar Austin ta matse ƙofar zuwa kashi 5 cikin 100 na saman aji daga 2026, alhali a manyan jami'o'i masu zaman kansu da dama, yawancin waɗanda aka ɗauka makarantunsu ba su ma aika da matsayinsu ba.