Tambayoyin da ɗaliban labarin ƙasa suka hana ni sakat da su

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan aji biyar da aji shida na sakandare a ƙauyukan Kano da Jigawa ke maimaitawa duk shekara idan WAEC da NECO sun ƙarato. Na haɗa su wuri guda. Wanda ya sake zuwa da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, nahiyoyi nawa ne, tekuna nawa ne?

Nahiyoyi 7: Afirka, Asiya, Turai, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Ostiraliya, Antatika. Tekuna 5, mafi girmansu Fasifik. Wannan karatun firamare ne.

Malam, mene ne 1:50,000 da ake rubutawa a ƙasan taswira?

Ma'aunin taswirar ne. Santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500, don haka santimita 2 kilomita 1 ne. Idan 1:100,000 ne, santimita 1 kilomita 1. Hanya mai lanƙwasa ko rafi ba a auna su da rula kai tsaye. Shimfiɗa zare a kai, ka bi kowace kwana, sannan ka miƙe zaren a kan rula. Inda kuke faɗuwa shi ne ku rubuta 7 tsirara. Bakwai ɗin me? Awaki? Rubuta kilomita.

Malam, an ce mu zana taswirar ƙauyenmu mu nuna arewa, ba mu da kamfas. Mu yi amfani da masallaci?

A nan sai a yi a hankali, domin amsar ta danganta da irin daidaiton da ake nema da kuma watan da kake ciki.

Mu fara da masallacin. Mu kan ce mun fuskanci gabas idan za mu yi salla, amma alƙibla daga Kano ba gabas sak ba ce. Idan ka ɗauki arewa a matsayin digiri 0, gabas digiri 90, alƙibla tana wajen digiri 68, wato ta karkata arewa da digiri ashirin da 'yan kai, saboda Makka tana kan digiri 21 arewa, mu kuwa muna kan 12. Ga shi kuma ba kowane masallacin unguwa aka auna lokacin gini ba. Zai ba ka ƙiyasi, amma kada ka ɗora taswira a kansa.

Abin da ya fi shi ne sanda da inuwa. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, kamar filin ƙwallon makaranta. Kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamar mita 1, ka ɗaura tsakuwa a zare ka rataya kusa da ita don ka tabbatar ba ta karkace ba. Da ƙarfe 10 na safe ka soka tsinke a ƙarshen inuwar. Ɗaura igiya a gindin sandar, ka ja da'ira da ta ratsa ta kan tsinken. Inuwa za ta yi ta gajarta har tsakar rana, sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren. Ka dawo tun ƙarfe 2 da rabi ka tsaya a kanta, domin wajen 3 saura za ta sake taɓa da'irar. Soka tsinke na biyu. Layin da ya haɗa tsinken nan biyu shi ne gabas da yamma, kuma tsinken safe ne yamma. Tsaya a kan layin, na safe a hagunka, na rana a damanka. Inda ka fuskanta nan ne arewa.

Wani zai ce ai littafi ya ce inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa, me ya kawo wannan wahala? A Ingila haka ne. A nan ba haka ba ne duk shekara. Rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku biyu tana arewa da mu, don haka inuwar tsakar rana kudu take nunawa. Wanda ya bi dokar littafin a watan Yuni zai kifar da taswirarsa gaba ɗaya. Dabarar tsinke biyu kuwa tana aiki kowane wata, sai dai da damina hadari na iya rufe rana daidai lokacin da kake jira, ka sake gobe.

Da dare akwai tauraron arewa. Daga wajenmu yana can ƙasa-ƙasa, kamar digiri 12 sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, kusan faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙa shi. Bishiyar dogon yaro ɗaya ta isa ta tare maka shi, kuma da hunturu ƙura kan shafe shi. Kamfas na waya kuwa yana yi, amma kada ka tsaya da shi a ƙarƙashin rufin kwano ko jikin babur, ƙarfe yana ruɗa shi. Idan da hali, gwada hanya biyu ka ga ko sun yi daidai. Bambancin digiri biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne a taswirar hannu.

Malam, ba mu da tef, yaya za mu auna nisa?

Ari tef na magini sau ɗaya, ka auna mita 100. Bi ta kai da tafiyarka ta yau da kullum sau uku kana ƙirga taku, ka tara ka raba uku. Idan ya ba ka 140, to taku 700 daga rijiya zuwa makaranta mita 500 ke nan. A cikin rairayin jigawa taku yana gajarta, sai ka sake aunawa a can. Kuma takun abokinka ba naka ba ne.

Malam, me ya sa 'yan Haɗeja ke shan ruwa kafin Kano alhali agogonmu ɗaya?

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, digiri 1 a minti 4. Haɗeja tana wajen digiri 10 gabas, Kano 8 da rabi. Digiri ɗaya da rabi sau 4, minti 6 ke nan ko kusa da haka. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato ya kai wajen rabin awa. Agogon Najeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, shi ya sa rana ba ta raba tsaka a Kano sai wajen 12 da minti 26, tana ɗan gaba ko baya bisa ga wata. A lissafin jarrabawa, idan ka nufi gabas ka ƙara, idan yamma ka rage. Ku daina juya shi.

Malam, kogunanmu teku suke zuwa?

A'a. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, su zama Kogin Yobe, ya zuba a Tafkin Chadi. Ɗalibin da ya girma a bakin wannan kogi ya rubuta cewa yana shiga Kogin Neja, wannan abin kunya ne.

Malam, layukan nan masu ruwan ƙasa da ke cikin taswira sun rikita ni.

Kwantar da hankalinka, kowa haka ya fara, musamman mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Idan sun matse, gangare ne mai tsini, irin duwatsun garin Dutse. Idan sun ware, fili ne. Inda suka tsallaka rafi suna lanƙwasawa kamar bakin mashi, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Kafin ka yi lissafi, duba ƙasan taswirar ka ga tazarar layukan da ƙafa aka rubuta ko da mita.

Malam, a taswirar bangon aji Girinlan ta kai Afirka girma. Haka ne?

Ba haka ba ne. Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Duniya dunƙulalliya ce, idan aka baje ta a takarda sai wuraren da ke nesa da Ekwaita su kumbura. Je ofishin shugaban makaranta ka duba ƙwallon duniya idan akwai.

Malam, za a iya tsallake tambayar taswira a jarrabawa?

Ba za a iya ba, dole ce. Zo da rula, zare, fensir mai tsini da abin auna kusurwa, don ba mai ara maka a ɗakin jarrabawa.