Ma'anar Kullewar Naitirojin a Gonar Shinkafa

Kullewar naitirojin, a wurin masana ƙasar noma, shi ne yanayin da ƙananan halittun cikin ƙasa, wato bakteriya da fungai, suke kwashe sinadarin naitirojin da ke kusa da saiwar shuka, wanda yake ɗaya daga cikin manyan abincinta, su shigar da shi jikinsu, har shukar ta rasa abin da za ta tsotsa na wani lokaci. Wannan yakan faru ne idan aka binne ɗanyen karan shinkafa aka yi dashe nan take. Bayan mako biyu ko uku sai a ga tsofaffin ganyaye sun fara yin ɗorawa daga baki, shukar ta tsugune, 'ya'yan da ya kamata ta fitar a gindi kuma sun yi ƙaranci, alhali manomi yana ganin ya ba gonarsa abinci.

Tushen al'amarin shi ne yawan kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin busasshen kara, idan aka auna shi da naitirojin a cikin abin da aka binne. Karan shinkafa yana ɗauke da kabon ninki 50 zuwa 80 na naitirojin ɗinsa, halittun da za su ruɓar da shi kuwa suna bukatar abincin da ke kusa da kashi 24 na kabon ga kashi 1 na naitirojin. Da yake karan bai ishe su ba, sai su cike giɓin daga ƙasa, har da yuriyar da aka watsa. Aro suka yi, domin idan ruɓewa ta yi nisa suka mutu, naitirojin ɗin yakan dawo a matsayin amoniyam, wanda shi ne nau'in da shinkafar da ke cikin ruwa ta fi sha. Matsalar ita ce yakan dawo bayan lokacin fitar da 'ya'ya a gindi ya wuce, kuma wannan lokaci ne da shuka ba ta maimaita shi.

A gonar da ruwa ya kwanta akwai ƙarin illa, saboda rashin iska yana sa ruɓewa ta yi jinkiri, ta kuma haifar da sinadarai masu tsami da iskar mitan da hayaki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke iya baƙanta saiwa.

Takin da aka tara aka ruɓar tun a waje ya riga ya wuce wannan mataki, ma'auninsa ya sauko ƙasa da kashi 20 ga 1, don haka ba ya ƙwace wa shinkafa komai. Sai dai a hankali yake sakin naitirojin, kaɗan ne ke fita a noman farko, shi ya sa ba daidai ba ne a ɗauka zai maye gurbin takin zamani kai tsaye. Harawar wake da ganyen gyaɗa sun fi karan shinkafa saurin ruɓewa da sakin abinci.

Ƙona kara ba mafita ba ce a ganina, domin kusan kashi 40 cikin 100 na naitirojin da shinkafa ta sha yana cikin karanta, kuma wuta tana tafiya da kusan dukansa. Abin da ya dace shi ne a kafce karan cikin ƙasa mai danshi kimanin wata guda kafin a cika gona da ruwa, sannan a ba shuka ɗan yuriya da wuri bayan dashe.